Inna ta ce wa masu bincike "lafiya lau": ina amfanin alƙaluman da ake tarawa a wurin rikici?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Rikkos, nan Jos. Kwanakin baya wata mata ta kira mahaifiyata a waya, ta ce daga wajen masu bincike take. Ta tambaye ta abin da muka ci a mako, ko akwai wanda ya kwana da yunwa, ko muna tsoron fita da dare, da ko mun yarda da jami'an tsaro. Inna ta amsa komai da 'lafiya lau, Alhamdulillah', alhali ni na san a makon nan sau biyu kunu kawai muka sha muka kwanta. Da na yi mata magana sai ta ce ai ba ta san wanda ke sauraro ba. To Malam, in haka mutane ke amsawa, ina amfanin alƙaluman da muke ji a rediyo? Yaya ake gane halin da gidaje ke ciki a wurin da babu zaman lafiya?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya rufa asiri. Kada ki ga laifinta ko kaɗan. Na daɗe a wannan aiki, na fara da bin gida-gida da takarda da fensir, daga baya na koma mai duba aikin masu tattara bayanai a Filato da maƙwabtanta, kuma da ni aka kira daga lambar da ban sani ba aka tambaye ni ra'ayina kan sojoji, ban tabbata amsata za ta wuce tata ba.

Abu biyu kika tambaya. Na farko, ta yaya ake auna halin rayuwar gidaje da ra'ayin jama'a inda tsoro ya yi yawa. Na biyu, ko abin da ake samu ya cancanci a yarda da shi. A taƙaice, ɓoye gaskiya irin na Inna matsala ce, amma mun san da ita kuma akwai dabarun rage ta. Wadda ta fi ta girma ita ce mutanen da ba a kai gare su ba sam, domin su ko "lafiya lau" ɗin ba su samu damar faɗa ba.

Su wa ke tambaya, kuma me suke nema

A Najeriya babbar mai wannan aiki ita ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS. Tun 2010 take gudanar da wani bincike tare da Bankin Duniya, inda ake bin gidaje kimanin 5,000 ana komawa gare su bayan 'yan shekaru, kuma a kowane zagaye ana zuwa sau biyu, bayan shuka da bayan girbi. Dalilin zuwa sau biyun duk manomi ya san shi: gidan da ka tarar a watan Nuwamba rumbu cike ba shi ne gidan da za ka tarar a Agusta ba. Da korona ta hana zirga-zirga a 2020, hukumar ta ɗauki gidaje 1,950 daga cikin waɗancan ta koma kiransu a waya. Ban da ita, Hukumar Abinci ta Duniya na kiran waya kan cimaka, hukumar IOM mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙirga 'yan gudun hijira tun 2014, sannan akwai Afrobarometer mai auna ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999. Bayanan abinci kan haɗu sau biyu a shekara a wani nazari da ake kira Cadre Harmonisé, daga nan ne ake fitar da hasashen nan da kike ji cewa mutum miliyan kaza za su shiga matsin abinci tsakanin Yuni da Agusta.

Dalilin yawan komawa shi ne a wurin rikici abubuwa na sauyawa da sauri. Hari ɗaya a Bokkos ko Mangu na iya hana kauye guda haƙar dankali, mako biyu bayan haka farashi ya motsa a kasuwar Farin Gada. Binciken da ake yi sau ɗaya a shekara biyar ba zai taɓa ganin wannan ba.

Bakin buhu da gindinsa

Ba a iya tambayar kowa, sai a zaɓi wasu su wakilci sauran. Kin san yadda mai sayen masara a kasuwa ke yi: ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu, sai ya soka ƙarfe a tsakiya da gindi ya ga abin da ya zubo. Duk ilimin zaɓen samfuri bai wuce wannan ba. Rikici kuwa abin da yake yi shi ne ya hana ka kaiwa gindin buhun.

Ga misali da ba ni na ƙirƙira ba. Binciken matsayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 shi ne ya ba da adadin nan da aka yi ta yayatawa: kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya, kusan mutum miliyan 83, suna rayuwa ƙasa da naira 137,430 a shekara. Amma wannan lissafin babu jihar Borno a ciki, domin rashin tsaro bai bari an shiga yankuna da dama ba. Hukumar NBS da ta yi binciken ta faɗi haka a fili, ba ta ɓoye ba. Masu karanta labarai ne suka sauke wannan jimlar a hanya. Wato jihar da yaƙi ya fi ci ita ce ba ta cikin ma'aunin talauci.

Ƙari a kan haka, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da muka yi ta 2006 ce, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Ki duba Jos kaɗai. Bayan rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, unguwanni sun sake fasali gaba ɗaya. Wasu sun cika sun batse, wasu layuka sun zama kufai. Duk wanda ya shiga gari da tsohuwar taswira sai ya fara sake lissafa gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya kafin ya zaɓi waɗanda zai tambaya, kuma wannan lissafin kansa yana tayar da hankali. Na taɓa tsayawa a wata unguwa da alli a hannu ina sa lamba a ƙofa, ban ankara ba matasa sun kewaye ni suna tambayar wa ya aiko ni in yi wa gidajensu alama. Sai da mai unguwa ya fito da kansa. Tun daga ranar ban ƙara sa alli a ƙofar kowa ba, kuma ban ƙara shiga unguwa ban fara gaida mai unguwa da limami ko fasto ba.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɓoyuwa. A ce gidaje ɗari kake bi. Aka kai hari, goma suka watse, wasu suka tafi wajen dangi a Bukuru, wasu Bauchi. Ka dawo ka tarar da casa'in, ka yi lissafi, sai ka ga kamar hali bai sauya ba, ko ma ya ɗan gyaru. Bai gyaru ba, waɗanda abin ya fi shafa ne suka fita daga lissafinka. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ke karɓar lambar ɗan'uwa ko maƙwabci tun ranar farko, ya kuma kashe kuɗi da lokaci wajen bin sawun gidan da ya tashi. Aiki ne mai cin rai, kuma shi ne na farko da ake yankewa in kuɗin aiki ya yi ƙasa.

Waya ta sauƙaƙa abubuwa, ba na musu. Ba sai ka jefa rayuwar ma'aikaci a hanyar da ake tare mutane ba, kuma za ka iya kira kowane wata. Amma wa ke da waya? Galibi maigida ne, ba matar da ta san abin da ke cikin tukunya ba. Wanda ya fi talauci ya sayar da tasa, ko ba shi da kuɗin caji. An katse layukan sadarwa a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, an sake katsewa a Zamfara a Satumbar 2021, daidai lokacin da aka fi buƙatar jin halin mutane. Kasancewar Inna ta ɗauki waya ma ya nuna tana cikin waɗanda ake iya kaiwa gare su.

Kunya, tsoro da sa rai

Yanzu ga maganar Inna. Abu uku ke karkata amsa, kuma ba gefe ɗaya suke ja ba. Akwai kunya: Bahaushe ko mai kwana uku bai ci ba, ka tambaye shi ya gida, "sai godiya" zai ce, domin rufin asiri ya fi masa komai. Akwai tsoro, wanda shi Inna ta ambata. Sannan akwai sa rai: in mutane suka ɗauka sunayen masu karɓar tallafi ake rubutawa, sai kowa ya zama ba shi da ko akuya, gida mai mutum shida ya koma goma sha biyu. Wannan na ƙarshe na fi ganinsa a sansanonin gudun hijira, kuma ban taɓa jin haushin masu yinsa ba. Wanda aka rubuta sunansa sau biyar bai ga ko mudu ɗaya ba, dole ya koyi yadda ake amsawa.

Maganin kunya shi ne kada ka tambayi mutum halinsa, ka tambaye shi abin da ya faru. Ba a cewa "kuna cikin yunwa?" Ana cewa: a cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa aka ci wake a gidan nan? Kwana nawa aka ci nama ko kifi ko ƙwai? Madara fa? Mai fa? Sai kuma: kwana nawa aka rage yawan abincin da ake zubawa, kwana nawa manya suka haƙura domin yara su ci, kwana nawa aka karɓo bashin hatsi? Mace za ta iya cewa "nama kam ba mu ci ba wannan makon" ba tare da ta ji ta tona asirin mijinta ba. Daga waɗannan ƙananan amsoshi ake haɗa maki. Saboda haka in wadda ta kira Inna ta tsaya kan "lafiya lau" ta wuce, to ba ta iya aikin ba, ko kuma sauri take ta cika adadin kiran da aka ɗora mata.

Wata rana a wani ƙauye ta wajen Bokkos, ina zaune a waje da maigida, ya ce mini komai na tafiya daidai. Abokiyar aikina tana ciki da uwargida, suna hira tana tsinke mata ganyen gwate. A nan ta ji cewa dankalin da suka ajiye na iri shi suke ci, akuyoyi biyu sun tafi kasuwa tun kafin damina, babbar 'yarsu kuma an tura ta aikatau cikin gari. Maigidan bai yi mini ƙarya ba a ganinsa, ai ba wanda ya kwana da yunwa. Amma gidan da ke cin irin shukarsa ya riga ya ci baɗi. Tun daga nan na fi ba wa tambayar "me kuka sayar?" muhimmanci a kan "me kuka ci?", kuma ba na yarda a fita aiki babu mata a tawaga.

Tsoro ya fi kunya wuyar sha'ani. A Jos, sunan da mai kira ya faɗa da irin sallamar da ya yi sun isa su sauya amsa. Afrobarometer kan rufe hirarta da tambayar mutum wa yake zaton ya aiko masu tambayar, kuma mutane da yawa kan ce gwamnati, duk da an gaya musu tun farko ba ita ba ce. Akwai wata dabara da ake amfani da ita kan tambaya mai haɗari. A raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukunin farko a karanta musu abu uku marasa nauyi, misali na je biki a watan nan, na sayi taki, na saurari wasan ƙwallo a rediyo, a ce kada su faɗi wanne, su faɗi guda nawa ne suka shafe su. Rukuni na biyu a karanta musu ukun nan, a ƙara na huɗu, misali na ba da kuɗi a shingen bincike. Ba wanda ya furta komai da bakinsa, wanda ya ce "biyu" ba a san wanne da wanne ba. Amma in aka kwatanta matsakaicin amsar rukunin biyu, ratar da ke tsakani ita ke nuna yawan waɗanda abu na huɗu ya shafa. An yi amfani da wannan a Afganistan wajen auna goyon bayan sojojin ƙasashen waje. Dabara ce mai kyau, sai dai tana buƙatar mutane da yawa, kuma a waya tana rikita tsofaffi. Ni kaina na gwada ta da wata dattijuwa, na gama bayani tsaf, ta ce "to ɗana, na huɗun nan dai ban yi ba."

Wani lokacin kuma laifin namu ne. Na taɓa kama wani ma'aikaci da ya cike gidaje takwas a zaune gindin mangwaro, domin yana tsoron tsallaka rafi zuwa unguwar da aka ba shi. Kwamfutar hannunsa ce ta tona shi: duk hirarrakin wuri ɗaya suka nuna, kowace minti tara. Na sallame shi, amma na san ni ma da laifina, tunda na tura shi inda bai kamata ba.

Abin da ke cikin tukunya da abin da ke cikin zuciya

Halin rayuwa da ra'ayi ba abu ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a ɗauki ɗaya a madadin ɗaya. Ki tambayi mutumin Angwan Rogo ko na Jenta Adamu ko yana jin aminci a unguwarsa, da yawa za su ce ƙwarai. Wanda bai san Jos ba zai rubuta cewa an samu zaman lafiya. Alhali yana jin amincin ne saboda duk maƙwabtansa irinsa ne, garin ya rabu. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce: akwai unguwar da ba za ka shiga bayan magariba ba? Yaushe rabonka da cin abinci a gidan wanda ba addininku ɗaya ba? In ɗanka ya samu aiki a wancan ɓangaren gari, za ka bar shi ya kama haya a can? Lokaci ma na da tasiri. Binciken da aka yi a makon da ya biyo bayan hare-haren jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barkin Ladi ba za a kwatanta shi da wanda aka yi a watan da ba a ji ƙarar bindiga ba.

Duk da haka ra'ayi ya cancanci aunawa, domin mutane da abin da suke zato suke aiki. Manomin da ke ganin za a kore shi kafin girbi ba zai sa taki ba, ko da a ƙarshe ba a kai harin ba. A Afganistan, gidauniyar Asia Foundation ta shafe shekaru tana yi wa jama'a tambaya guda: ƙasar ta kama hanya ko ta kauce? A 2013 fiye da rabi sun ce ta kama hanya, zuwa 2016 ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Su ma sun sha fama da gundumomin da ba a shiga, har sukan tare mutanen da suka fito daga can a kasuwa ko asibiti su tambaye su. Adadin kowace shekara yana da rauni, amma saukar da ya yi gaskiya ce.

Wannan shi ne amfanin komawa ga gida ɗaya sau da yawa. In Inna tana rage gaskiya yau, haka ta rage a watan jiya, haka za ta rage a wata mai zuwa. Ranar da mai cewa "lafiya lau" ta ce "to, sai haƙuri", an san wani abu ya faru. Na fi yarda da inda alƙaluma suka nufa a kan inda suke tsaye. Sannan ba a dogara da baki kaɗai: ana haɗawa da farashin mudu a kasuwa, da awon dantsen yara a asibiti, da hoton gonaki daga tauraron ɗan'adam, wanda ke nuna filin da aka noma bara aka bari bana. In duk suka nuna gefe ɗaya, sai hankali ya kwanta.

Sai dai ki sani, duk wannan ba ya gaya mana dalilin abu. Bincike zai nuna cewa cimaka ta ragu a Mangu a 2023, amma a shekarar ne aka yi ƙarancin takardun naira, aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka kuma yi rikici a yankin. Raba wa kowanne nasa kason ba aikin tambayoyin waya ba ne. Kuma adadin da aka fitar domin jiha ko ƙasa ba ya magana kan Rikkos, gidajen da aka tambaya a unguwa ɗaya ba su kai a yanke hukunci da su ba. Ni ma iyakata Filato da kewayenta, abin da na faɗa kan Borno da Afganistan daga rahotanni na san shi, ba da ƙafata na je ba.

In kin ji adadi a rediyo, ki nemi sanin wata nawa aka yi binciken, ta waya ne ko ido da ido, da kuma wuraren da ba a shiga ba. Rahoton da ya faɗi inda ya kasa zuwa na fi amincewa da shi a kan wanda ya ce ya karaɗe ko'ina.

Game da Inna kuwa, in an sake kira, tana da haƙƙin ta tambayi sunan hukumar da abin da za a yi da amsarta, tana da haƙƙin ta tsallake kowace tambaya ko ta ce ba ta so gaba ɗaya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma na bayanta. Mai bincike na gaskiya ba zai taɓa neman BVN ko lambar sirrin katin banki ko lambar da aka turo ta saƙo ba, ba zai kuma yi alkawarin tallafi ba. Duk wanda ya nemi waɗannan, a kashe waya. In hankalinta bai kwanta da tambayar jami'an tsaro ba, ta ce "wannan ba zan amsa ba", ya fi mana amfani a kan "lafiya lau", domin akwai gurbin da ake rubuta shi, kuma yawan masu ƙin amsawa kansa yana gaya mana wani abu. Maganar kunun kuwa, ki roƙe ta ta miƙa miki wayar ki faɗa musu kwana biyu ne.